Tambarin Zaren Gado da Nazarin Bambance-bambancen Funfuna Mai Haddasa Cuta: Misali Daga Cutar Bilas ta Shinkafa

1.0 Gabatarwa

Masu aikin kyautata irin shuka sun daɗe suna fama da wata matsala guda. Sukan shafe shekaru suna ƙoƙarin samar da irin shinkafa mai jure wa cuta, a raba shi ga manoma, amma bayan 'yan shekaru kaɗan sai a tarar cutar ta dawo ta kama shi, kamar dai ba a taɓa yi masa wani aiki ba. Tambayar da takan biyo baya ita ce: shin funfunar da ke kawo cutar ce ta sake hali, ko kuwa wata ce dabam da ke nan tun da farko ta sami sarari ta yaɗu, ko kuma baƙuwa ce da ta shigo daga wata ƙasa? Amsar kowace daga cikin tambayoyin nan uku tana da irin matakin da ya dace da ita, kuma ido ko madubin ƙara girma ba su iya bambance su, domin funfunar kamanninta ɗaya ne a ko'ina.

Manufar wannan takarda ita ce ta yi bayanin wata dabara da masana suka yi amfani da ita wajen amsa waɗannan tambayoyi, watau ɗaukar tambarin zaren gado. Za mu dubi asalin dabarar da yadda ake aiwatar da ita, sa'an nan mu bi sawun abin da ta bayyana game da funfunar da ke haddasa cutar bilas ta shinkafa, mu kuma nuna inda ƙarfinta ya tsaya.

1.1 Ma'anar Wasu Kalmomi

Kafin mu ci gaba, ya kamata mu daidaita a kan kalmomin da za a riƙa cin karo da su. "Zaren gado" shi ne abin da masana ke taƙaita sunansa da DNA, watau dogon sinadarin da ke cikin ƙwayar halitta, wanda ke ɗauke da bayanin da 'ya'ya ke gada daga iyaye. An gina shi da tubala iri huɗu, waɗanda ake yi wa alama da haruffan A, C, G da T. "Ƙwayar gado" yanki ne na zaren wanda ke kula da wata siffa. "Samfuri" funfuna ce da aka tsamo daga tabo guda na cuta aka rene ta ita kaɗai. "Jinsin kamu" rukuni ne na samfura da aka haɗa saboda irin shinkafar da suke iya kamawa, "zuriya" kuwa rukuni ne da aka haɗa saboda kusancin zaren gadonsu. Bambancin da ke tsakanin kalmomin nan biyu na ƙarshe shi ne ginshiƙin wannan takarda.

2.0 Cutar Bilas da Funfunarta

Bilas tana cikin cututtukan shinkafa mafiya ɓarna a duniya, kuma an ƙiyasta cewa takan cinye kashi 10 zuwa 30 cikin 100 na amfanin da ake nomawa a shekara. Sunan funfunar a ilmin kimiyya Pyricularia oryzae, ana kuma kiranta Magnaporthe oryzae. A rubuce-rubucen da suka gabaci shekarar 2002 an fi kiranta Magnaporthe grisea, amma a wannan shekara Couch da Kohn suka nuna cewa wadda ke kama ciyawa dangin harƙiya dabam take da wadda ke kama shinkafa, aka bar wa ta harƙiya tsohon sunan.

Iska ce ke ɗaukar ƙurar irin funfunar ta sauke ta a kan ganye. In ta sami raɓa ko laima sai ta tsiro, ta yi wani ɗan kumburi mai baƙin bango wanda ke tara matsi mai tsanani, har ya huda fatar ganyen da ƙarfin tsiya. Cikin mako guda sai tabo ya bayyana, mai tsini a bakinsa biyu, tsakiyarsa ruwan toka, gefensa ja-ja, daga nan kuma sabuwar ƙurar iri ke tashi ta faɗa wa sauran shuka. Ɓarnar ta fi muni idan cutar ta kama wuyan zangarniya, domin abinci ba ya isa ga tsaba, sai zangarniyar ta yi fari ta zama ƙaiƙayi. Shinkafar tudu ta fi ta fadama shan wahalar cutar, haka kuma gonar da aka cika wa takin zamani mai naitirojin.

Wani abin lura shi ne, a mafi yawan ƙasashen da ake noman shinkafa funfunar tana hayayyafa ne ba tare da barbara ba. Kowace ƙurar iri kwafi ce ta uwarta, sai fa ɗan canjin da ya auku bisa kuskure wajen kwafar zaren. Wannan ne ya sa ake iya bin salsalarta kamar yadda ake bin salsalar gida.

2.1 Tsohuwar Hanya da Gardamar da Ta Haifar

Tun daga aikin Harold Flor a kan tsatsar shukar filakis cikin shekarun 1940 da 1950, masana suka fahimci cewa juriyar shuka takan dogara ne ga ƙwayar gado guda a jikin shukar wadda ke gane wata ƙwayar gado guda a jikin funfunar. In ganewar ta auku, shukar ta kare kanta. In funfunar ta rasa wannan ƙwaya ko ta sauya ta, sai ta shige ba a gane ta ba.

A bisa wannan fahimta, masanan Amurka da Jafan suka fitar da jerin irin shinkafa 8 a shekarar 1967 domin gwaji. Akan fesa samfuri a kan dukkan takwas ɗin, a duba waɗanda ya kama da waɗanda suka tsira, a ba shi suna. Tun da kowane iri ko dai ya kamu ko ya tsira, lissafi ya nuna ana iya samun jinsin kamu har 256. Sai dai sakamakon gwajin yakan dogara ga zafi da laima da shekarun shukar da takin da aka sa mata, har ma da idon mai dubawa.

Daga nan gardama ta tashi. S. H. Ou na Cibiyar Binciken Shinkafa ta Duniya da ke ƙasar Filifin ya ba da rahoton cewa ƙurar irin da aka ɗebo daga tabo guda tana iya ba da jinsin kamu masu yawa, watau funfunar ba ta da tsayayyen hali. Frances Latterell ta Ma'aikatar Gona ta Amurka kuwa ta ce samfuran da ta adana shekara da shekaru ba su sauya ba. Gardamar ba ta fatar baki ba ce. In Ou ne ke da gaskiya, to neman iri mai juriya ta hanyar ƙwayar gado guda aikin banza ne. In kuwa Latterell ce, to aikin yana da makoma, muddin an san abokan gaban da ake fuskanta. Abin da ya rage shi ne a sami ma'aunin da bai dogara ga yanayi ko idon mutum ba.

3.0 Asalin Dabarar da Yadda Ake Aiwatar da Ita

A watan Satumba na shekarar 1984 Alec Jeffreys na Jami'ar Lesta a Ingila ya lura cewa akwai wasu gajerun yankuna a zaren gadon ɗan Adam da ke maimaita kansu, kuma yawan maimaicin ya bambanta daga mutum zuwa mutum. Da ya fito da su a kan fim sai suka ba da jerin layuka wanda ya keɓanta ga mutum guda, kamar yadda zanen yatsa ya keɓanta ga mai shi. An buga aikin a 1985, kuma ba da jimawa ba aka fara amfani da shi a kotuna. Masu nazarin cututtukan shuka suka ga cewa in an sami irin wannan yanki mai maimaituwa a jikin funfuna, za a iya yi mata abin da aka yi wa mutum.

A 1989 John Hamer da Barbara Valent da abokan aikinsu suka ba da rahoton irin wannan yanki a funfunar bilas, suka kira shi MGR. Sun tarar cewa samfuran da ke kama shinkafa suna ɗauke da kwafinsa masu yawa a warwatse cikin zarensu, alhali waɗanda ke kama wasu ciyayi kaɗan ƙwarai suke da shi. Wani ɓangare nasa mai suna MGR586 shi ne ya zama ma'aunin da aka yi ta aiki da shi. Ga matakan aikin a taƙaice:

(a) A ɗebo ganye ko wuyan zangarniya mai tabo, a tsamo ƙurar iri ƙwaya ɗaya tak, a rene ta cikin ruwan abinci har ta yi yawa. Wannan mataki yana da muhimmanci, domin tabo biyu a ganye guda suna iya zama na zuriya biyu.

(b) A niƙe funfunar, a ware zaren gadonta daga sauran sinadarai.

(c) A yanka zaren da wani sinadari mai aiki kamar almakashi, mai suna EcoRI, wanda ba ya yanka sai inda ya tarar da jerin GAATTC. Tun da wuraren da jerin yake sun bambanta tsakanin samfura, tsawon guntayen da za a samu ma zai bambanta.

(d) A zuba guntayen a bakin wani daskararren faranti na agaros, a sa masa lantarki. Guntayen sukan yi tafiya zuwa ɗaya bakin, gajeru a gaba, dogaye a baya, ta haka sai su jeru bisa tsawonsu.

(e) A kwafe jerin zuwa kan wata takarda ta nailan, bisa hanyar da Edwin Southern ya fito da ita a 1975, a jiƙa ta da MGR586 wanda aka yi wa alama da sinadari mai fitar da haske ɓoyayye. Ma'aunin ba ya manne wa kowane guntu sai wanda ke ɗauke da irinsa.

(f) A ɗora fim irin na hoton ƙashi. Duk inda ma'aunin ya manne sai baƙin layi ya fito. Samfurin shinkafa yakan ba da layuka kimanin 50, kuma wannan jeri shi ne tambarinsa.

Wajen kwatanta samfura biyu, akan ƙirga layukan da suka yi tarayya a kai, a ninka sau biyu, a raba da jimillar layukan su biyun. Alal misali, a ce kowanne yana da layi 50, sun kuma yi tarayya a 45. Ninkin 45 shi ne 90, a raba da 100, kusancinsu ya zama kashi 90 cikin 100. In an yi wa dukkan samfura haka bibbiyu, sai a zana bishiyar dangantaka, waɗanda suka taru a reshe guda su ne zuriya guda.

4.0 Abin da Tambarin Ya Bayyana

4.1 Amurka

A 1991 Morris Levy da Hamer na Jami'ar Purdue, tare da abokan aikinsu, suka gwada dabarar a kan samfuran Amurka waɗanda aka tara cikin shekaru 30. Sun tsara gwajin ta yadda mai karanta tambarin bai san jinsin kamun samfurin da ke gabansa ba. Sakamakon ya nuna samfuran sun kasu zuwa zuriya 8 kacal, kuma kowace zuriya tana da alaƙa da jinsin kamu guda ko kaɗan, har ana iya duban tambari a faɗi irin shinkafar da samfurin zai kama. Wannan ya ƙarfafa ra'ayin masu cewa funfunar tana da tsayayyen hali, aƙalla a ƙasar da irin shinkafar da ake nomawa ba shi da yawa.

4.2 Kolombiya

Gwaji mafi tsanani shi ne na tashar Santa Rosa a ƙasar Kolombiya, inda Cibiyar Noman Ƙasashe Masu Zafi ta Duniya ke gwada sababbin iri saboda tsananin cutar a wurin. An san wurin da yawan jinsin kamu, don haka aka zaci za a tarar da zuriya barkatai. Amma rahoton da Levy da Fernando Correa-Victoria da Robert Zeigler da sauransu suka fitar a 1993 ya nuna zuriya 6 ne kawai. Kowace zuriya tana ƙunshe da jinsin kamu da dama, sai dai akwai wasu irin shinkafa da babu ko samfuri ɗaya na zuriyar da ya iya kama su.

Daga wannan ne Zeigler da abokansa suka gina shawarar da aka sani da "toshe zuriya". Ma'anarta ita ce, maimakon mai kyautata iri ya bi jinsin kamu ɗaya bayan ɗaya, waɗanda ba su ƙirguwa, sai ya nemi ƙwayar juriyar da ta gagari zuriya sukutum. In ƙwaya ta farko ta tare zuriya huɗu, ta biyu kuma ta tare sauran biyun, to haɗa su cikin iri guda zai rufe ƙofa ga dukkan funfunar yankin. Ta haka tambarin ya tashi daga abin bayani ya zama abin tsara aiki.

4.3 Turai, Asiya da Afirka ta Yamma

A Turai binciken da aka buga a 1997 ya sami zuriya 5. An kuma yi amfani da MGR586 a kan samfuran Nijeriya da Gana da Burkina Faso da Kwaddibuwa, inda nan ma aka tarar samfuran sun taru cikin zuriya 'yan kaɗan, wasu sun bazu a ƙasa fiye da ɗaya, wasu kuma sun tsaya a wuri guda. Wannan bayani yana da amfani kai tsaye ga masu zaɓen wuraren gwajin iri, domin irin da aka gwada a tashar da wata zuriya ba ta kai ba, ba a san yadda zai yi da ita a gonar manomi ba.

A tsaunukan Himalaya na ƙasar Indiya kuwa labarin ya sha bamban. Binciken Kumar da Nelson da Zeigler na 1999 ya tarar da zuriya masu yawan gaske, tare da alamun cewa ana samun gaurayar zaren gado tsakaninsu. Daga baya, a 2012, Saleh da abokan aikinsa suka kawo hujjar cewa funfunar tana barbara a lardin Yunan na ƙasar Sin. A irin waɗannan wurare ganuwar da ke tsakanin zuriya da zuriya ba ta da ƙarfi, saboda haka shawarar toshe zuriya ba ta da tabbas a can.

5.0 Iyakar Dabarar

Abu na farko da ya kamata a kiyaye shi ne, tambari yana nuna dangantaka ne, ba ya auna ƙwayar gadon da ke sa kamu. Canji ɗan ƙanƙane a ƙwaya guda yana iya ba funfuna ikon kama irin da a da ya gagare ta, alhali tambarinta bai sauya ba, ko kuma layi ɗaya ne ya gusa. Misali mai ban sha'awa shi ne na ƙwayar AVR-Pita, wadda shinkafa mai ƙwayar juriya ta Pi-ta ke ganewa. An gano cewa MGR586 ɗin kansa yanki ne mai iya tashi daga wani wuri na zaren ya sauka a wani, ana kuma kiransa Pot3. A 2001 Kang da abokan aikinsa suka nuna cewa saukar Pot3 a gaban AVR-Pita ta kashe aikin ƙwayar, funfunar ta koma tana kama shinkafar da a da take tsira. Watau abin da ake auna zuriya da shi yana cikin abubuwan da ke sauya halin zuriyar. Ke nan Ou da Latterell kowannensu ya riƙe wani ɓangare na gaskiya: zuriya tana daɗewa, amma ƙwayoyin kamu a cikinta suna iya sauyawa. Don haka tambari bai ɗauke wa kowa gwajin fesawa a kan shuka ba.

Na biyu, sakamako yana bin yadda aka ɗebo samfura. Wanda ya tara su daga iri guda a damina guda zai ga zuriyar da ta fi son wannan iri ne kawai.

Na uku, hanyar tana cin lokaci da kuɗi, tana kuma bukatar zare mai yawa da sinadari mai haɗari. Wannan ya sa aka koma ga hanyoyin da suka dogara ga dabarar ninka zare cikin kwalba, wadda Kary Mullis ya ƙirƙiro a 1983. Daga cikinsu akwai RAPD ta 1990, mai sauƙi amma sakamakonta yakan bambanta daga ɗakin bincike zuwa wani, da AFLP ta 1995, da kuma wadda aka gina a kan yankin Pot2 a 1998 musamman domin funfunar bilas.

6.0 Daga Tambari Zuwa Karanta Zare Dukkansa

A 2005 aka buga cikakken jerin zaren gadon funfunar, mai tubala kimanin miliyan 40. Da kuɗin karanta zare ya sauko, sai kwatanta samfura harafi da harafi ya maye gurbin ƙirga layuka. Binciken da Thierry da abokan aikinta suka buga a 2022 a kan samfuran duniya ya raba funfunar shinkafa zuwa manyan rukunai 4: uku masu hayayyafa ba barbara waɗanda suka bazu a nahiyoyi, da ɗaya mai gauraya wanda ya fi yawa a kudu maso gabashin Asiya. A dunƙule, wannan ya tabbatar da hoton da tambarin farko ya zana.

Amfanin wannan ilmi ya fito fili a kan bilas ta alkama. An fara ganinta a jihar Parana ta Barazil a 1985, ta kuma tsaya a Kudancin Amurka har watan Fabrairu na 2016, lokacin da ta ɓulla a Bangaladesh ta shafi kimanin hekta 15,000. Cikin 'yan watanni masana suka karanta bayanin gadon da ke cikin ganyayen da suka kamu, suka nuna cewa funfunar ba ta shinkafar ƙasar ba ce ta sake hali, 'yar zuriyar Kudancin Amurka ce. A 2018 aka ga cutar a Zambiya, kuma rahoton Latorre da abokan aikinsa na 2023 ya nuna zuriya guda ce, mai suna B71, ta isa ƙasashen biyu kowace ta hanyarta. Rahoton ya ƙara da cewa ƙwayar juriya ta Rmg8 tana tare wannan zuriya. Darasin da ke nan ya shafi duk ƙasar da ke shigo da iri ko tsaba daga waje, tun da funfunar tana iya tafiya a jikin tsaba.

Haka abin yake a fannin lafiyar ɗan Adam. David Soll na Jami'ar Iowa da abokan aikinsa sun yi amfani da ma'aunin Ca3 wajen ɗaukar tambarin Candida albicans, domin a gane ko ciwon da ya dawo wa majinyaci tsohon samfurin ne ko sabo, da kuma ko yana yawo tsakanin majinyata a asibiti. Candida auris kuwa, wadda aka fara bayyanawa a Jafan a 2009, karatun zarenta ya nuna rukunai mabambanta ne suka taso a yankunan duniya dabam-dabam, ba daga wuri guda ta bazu ba.

7.0 Kammalawa

Wannan takarda ta yi ƙoƙarin nuna cewa tambarin zaren gado ya ba masana ma'aunin da suka rasa, wanda ya raba zuriya da jinsin kamu, ya kuma sa aka iya bambance funfunar da ta sake hali da wadda ta yaɗu da wadda ta shigo. Kayan aikin sun canza tun daga 1989, amma sharuɗɗan samun sakamako nagari suna nan yadda suke: a ɗebo samfura daga tudu da fadama, daga iri daban-daban, shekara bayan shekara, a adana su yadda na baya za su iya kwatanta nasu da su, a kuma haɗa kowane tambari da gwajin fesawa a kan shuka. Ga jami'o'i da cibiyoyin binciken gona na yankinmu, irin su Cibiyar Binciken Hatsi ta Ƙasa da ke Badeggi, ma'ajiyar samfura mai cikakken bayanin wuri da shekara da irin shinkafa ita ce matakin farko, domin da ita ne za a iya faɗa wa mai kyautata iri waɗanne ƙwayoyin juriya ya kamata ya haɗa kafin iri ya isa hannun manomi.